Ranar da Ruwan Goronyo Ya Saki Garin Kawu

Na yi tafiye-tafiye da dama a rayuwata, wasu a mota, wasu har a jirgin sama, kuma yawancinsu sun shuɗe kamar ba a yi ba. Amma tafiyar da na yi a kan keke tare da kawuna, daga Tursa zuwa madatsar ruwa ta Goronyo, ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina ba na jin za ta fita daga raina.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwarta. Asalinsu masunta ne, daga wani ƙaramin gari a bakin gulbin Rima. Da aka gina dam aka tashi garin, mutanensa suka watsu, wasu Taloka, wasu cikin Goronyo, shi kuma ya bi dangin matarsa zuwa Tursa, ya ajiye komarsa ta kamun kifi ya ɗauki fartanya. Kakata ta rasu gab da tashin, saboda haka kabarinta da ɗakinta duk ruwa ya rufe su. Shekara talatin da ɗoriya Kawu bai da wurin da zai je ya tsaya ya ce nan uwata ta zauna. Kuma a cikin 'ya'yanta shi kaɗai ya rage.

Sai ga wata bazara mai tsanani, ruwan dam ya ja baya irin jan da ba a taɓa gani ba. Wani mai sayar da kifi a kasuwar Rabah ya tsegunta wa Kawu cewa kufan garinsu ya fito fili. Da yamma Kawu ya kira ni ya ce gobe zan raka shi, yana so ya tsaya inda mahaifiyarsa ta tsaya ya yi mata addu'a tun ruwa bai koma ba. Hadari ya riga ya fara leƙowa daga gabas, kuma kowa ya san ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya isa ya sake rufe wurin.

Na ce to, bari in zuba wa mashin mai. Ya kalle ni sama da ƙasa.

"Mi za mu yi da mashin? Wuce gari shi kai, ba shi sallama. Bisa keke nif fito garinmu, bisa keke za ni koma."

Ni kuwa a lokacin malamin makaranta ne mai ɗan tumbi, rabona da keke tun ina sakandare. Na aro na maƙwabcinmu ina ta cika baki cewa ni zan riƙa jiran tsoho a hanya. Ba mu kai Rabah ba ido ya raina fata. Kawu ya tattare riga, ya ɗaure buta da goran fura a bayan baƙin kekensa, yana tuƙi a natse, ba ya sauri ba ya tsayawa. Ni ina baya ina haki, cinyoyina kamar an ɗora musu buhun gero. Lokaci-lokaci yakan kaɗa ƙararrawa ba tare da ya waiwayo ba, wai don ya ji ko malam yana da sauran rai.

Da wahalar ta zauna a jikina sai idona ya buɗe. Hanyar nan na bi ta a mota ba adadi, amma ashe ban taɓa ganinta ba. Lokacin cirar albasa ne, an tsiba ta jajawur a bakin gonaki, ana jera ta a rumfunan kara. Muna kusantar Wurno ƙanshin tafarnuwa ya tare mu tun kafin mu ga gonakinta. Duk inda muka gifta sai an ɗago an yi mana sannu, wani ya miƙo kankana, wani ya tambayi inda muka nufa. In Kawu ya faɗa, sai dattawa su ce Allah ya sa a tarar.

Hawan tudun Wurno kam turawa muka yi, har shi gwanin. Muka sauka gidan wani abokinsa, malami ɗan gidan malamai, mai zaure irin na da wanda kaurin bangonsa ya kai kamu biyu, kana shiga zafin rana ya sake ka. A tsakar gidan akwai kurangar inabi da ta hau rumfa, a ƙarƙashinta aka shimfiɗa mana tabarma. Kafin magariba malam ya zaga da mu ya nuna mana ragowar ganuwa, yana ba mu labarin yadda magabata suka kafa garin a matsayin ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, masu karatu su ne masu tsaro. Daga can sama na hango fadama shimfiɗe, shinkafa kore shar a tsakiyar bazara, gulbi yana ratsa ta yana ƙyalli. Na daɗe a tsaye ina tasbihi. Kawu shi gabas yake kallo, inda walƙiya ke ɗan motsawa, kuma tuwon da aka kawo mana loma kaɗan ya yi ya tsame hannu.

Washegari muka bi gefen Rima. Muka ratsa kan kunyoyin fadama inda mota ba za ta taɓa shiga ba, injinan ban ruwa suna ta tari. A wani mashigi muka naɗe wando, muka saɓa kekunan a kafaɗa muka tsallaka, ruwan ko gwiwa bai kai ba. Duk tsawon hanyar Kawu yana zana mini garinsu: tsamiyar da ke bakin kasuwa, masallaci mai matakala, lungun da zai kai ka ƙofar gidansu. Ya ce ko an ɗaure masa ido zai kai kansa ɗakin Inna. Muka wuce Taloka da Goronyo, rana ta take muka hau bakin madatsar.

Nan na ga abin da ya fi ƙarfin bakina. Inda na saba ganin ruwa iya ganin ido, babu komai sai busasshen laka da ya tsattsage, shimfiɗe har inda sama ta sauko. Jiragen masunta suna kwance a kan ƙasa. Ruwan ya koma can nesa, siriri, tsuntsaye farare sun yi masa layi. Sai na tuna cewa inda za mu tuƙa keke yanzu, bara kifaye ne ke yawo a wurin. Muka gangara, muka bi wata 'yar turba da ƙafafun masunta suka daddale, da ta ƙare muka ci gaba da turawa.

Sai dai garin da Kawu ya zana mini babu shi. Ginin ƙasa ba ya zama a cikin ruwa, ya narke tuntuni. Babu tsamiya, babu matakala, babu lungu. Ya yi gabas ya dawo, ya yi arewa ya dawo, ya tsaya ya kare ido da hannu. Ko'ina iri ɗaya ne. Can ya jingine keken a ƙasa, ya zauna kusa da shi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganinsa ƙarami haka ba. A hankali ya ce bai gane komai ba, mu juya kafin hadari ya tare mu. Tausayinsa ya kama ni, ga iska mai sanyi ta fara tasowa.

Ni na hango mutanen. Da farko na ɗauka makiyaya ne, amma babu dabba ko ɗaya, kuma tsayuwarsu ta ba ni mamaki: wannan nan, wancan can, kowa shi kaɗai a fili kamar an dasa shi. Na lallashi Kawu muka ƙarasa. Yana yin sallama wani tsoho ya juyo, ya gane shi da murya tun kafin ya ga fuskarsa. Ashe 'yan garin ne da suka zo daga Taloka da Goronyo. Sun gano bakin rijiyar garin, da yake da dutse aka ɗaure ta, daga nan kowa ya lalubi inda gidansu yake ya tsaya. Suna ɗaga murya suna gaisawa daga ƙofa zuwa ƙofa, ana tambayar kwanan iyali, alhali babu ƙofar babu bangon.

Matsalar ita ce unguwar su Kawu tana can gefe, kuma dattawan sun kasa daidaita baki a kanta. Wannan ya nuna nan, wancan ya ce sam. Ana cikin haka wata dattijuwa da ke zaune a kan wani dutsen niƙa da ya nutse rabi ta taso, ta gyara mayafi, ta ƙura wa Kawu ido.

"Yaya, ba ka gane ni ba? Ni ta ɗiyar maƙwabtanku, wadda aka aikowa ɗibar wuta wurin Inna."

A zamaninsu ashana ba ta wadata ba. Da safe sai a ba yarinya katangar tukunya ta je gidan da wuta ta kwana ta ɗebo garwashi. Kakata kuwa bandar kifi take yi, murhunta ba ya mutuwa, don haka kusan kullum yarinyar nan sai ta je. Dutsen da ta taso daga kai na mahaifiyarta ne, da shi ta gane tsakar gidansu. Ta ce ita ma ba za ta iya nuna wurin da yatsa ba, amma a bar ta ta gwada zuwa.

Ta duƙa ta tsinci wata katanga a cikin lakan, ta tuɓe takalmi, ta riƙe katangar da hannu biyu a gabanta. Sannan ta fara tafiya. Ta miƙe kaɗan, ta karya kwana a inda babu komai. Ta sunkuyar da kai ta wuce wata gajeruwar ƙofa da mu ba ma gani. Ta ɗan kauce gefe, tana cewa nan ake ɗaure wata akuya mai tunkuyi. Mu duka muna biye da ita a baya. Ni da nake koyar da taswira a aji, ban taɓa ganin gari ya miƙe tsaye a gabana kamar yadda ya miƙe a bayan ƙafafun matar nan ba. Can ta tsaya, muryarta ta sauya ta koma ƙarama.

"Salamu alaikum. Inna, an ce ki ba ni wuta."

Ta durƙusa, ta aje katangar a ƙasa. Kawu ya zube a wurin ya fara tono da hannu, ni kuma na ciro sifanar keke na taya shi. Ba mu yi nisa ba ƙarfen ya daki dutse. Muka share, ga wani a gefensa, ga na ukun. Duwatsun murhu ne, kuma fuskokinsu na ciki har yanzu baƙi ƙirin suke.

Kawu ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyarsu, ya daɗe bai ɗaga ba. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba, ni ma ban ɓoye nawa ba. Ya yi wa mahaifiyarsa addu'a, ya haɗa da tawa, ya bi 'yan ɗakinsu ɗaya bayan ɗaya, jama'a na amsawa da amin. Da la'asar ta yi wani ya tsaya inda suka yarda nan ne masallaci ya kira salla, muka yi sahu a kan tsattsagaggen lakan. Muna hawowa bakin madatsar yayyafi ya fara sauka a kan sirdin kekunanmu. Damina ta kankama, ruwa ya koma mazauninsa, kuma har Kawu ya bar duniya wurin bai sake fitowa ba.

Yanzu ina zaune a birnin Sakkwato, a gida mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, da gas muke girki. Na daɗe ina tunanin ranar nan kafin in gane abin da ta koya mini. Kawu ya haddace garinsu tsaf, amma haddar ba ta kai shi ɗakin uwarsa ba. Wadda ta kai shi ita ce 'yar maƙwabta da aka bari tana shigowa kullum tana roƙon abu kaɗan. Gidan mutum ba a kansa kaɗai yake ajiye ba, wani sashensa yana wurin waɗanda suka saba shigarsa. Shi ya sa na hana a riƙa sa wa ƙofata sakata da rana, kuma duk wanda maƙwabta suka aiko neman gishiri ko ruwan sanyi, nakan ce a bar shi ya shigo har madafa ya karɓa da hannunsa.