Waƙar da Kaka Ba Ta San Ma'anarta Ba

Gidanmu na Arlit akwai wutar lantarki, don babanmu ma'aikacin haƙar yuraniyom ne, amma Kaka ba ta tatsuniya a ƙarƙashin ƙwan fitila. Da an idar da magariba a lokacin sanyi, sai ta sa a kashe na tsakar gida, ta jawo murhun gawayi gabanta, mu kewaye ta da barguna. Mutuniyar Adar ce, daga wani ƙauye kusa da Tawa, kuma har ta koma ga Allah ba ta saki harshen garinsu ba.

"Ku matso," in ji ta, "ga wata ta taho da ƙura a ƙafa." Mu kuwa mu amsa da ƙarfi, "A ba ta tabarma!"

Wadda muka fi so ita ce ta yarinyar bakin rijiya. Wata yarinya ce ayari ya bari a wani gari, ba mai jin yarenta. Ta je rijiya da ƙishirwa, matan garin suka hana ta guga, suna kwaikwayon maganarta suna dariya. Nan take ruwa ya fara ja da baya. Aka ƙulla igiya bisa igiya, guga na dawowa da yashi. Kwana uku garin ba ruwa. A na huɗu yarinyar ta zauna a bakin rijiyar ta rera waƙa da yarenta, ruwa ya taso har ya jiƙa mata sawu. A nan Kaka ke lumshe ido ta rera waƙar, baiti huɗu, ba kalma ɗaya ta Hausa. Na taɓa tambayarta ma'anarsu.

"Ni ma ban sani ba, ƙawata. Haka na ji ta ga kakata. Ita ko ba ta cika magana ba, balle a tambaye ta."

Ina aji biyar aka ce makarantarmu za ta yi bikin al'adu da harsuna. Wayyo murna! Mako biyu ba wanda ya yi karatun kirki. 'Yan Buzaye na gwada kiɗansu na tande a bayan aji, Fulani na jayayya kan wanda zai riƙe sanda, 'yan Damagaram da na Maraɗi kowa na cewa rawarsu ta fi. Ni aka zaɓa in yi tatsuniya da Hausa. Ranar gwaji, ina fara waƙar, malaminmu, Mushe Idi, ya ɗaga hannu.

"Rakiya, wannan wane yare ne?"

Na ce ban sani ba. Ajin ya kwashe da dariya. Ya ce to in cire ta, tunda Hausa aka ba ni, kada in je gaban iyaye ina shirme.

Na kai wa Kaka ƙara har da hawaye. Ta juya gawayi da tsinke, ta ce, "In kin cire waƙa, mi za ya tada ruwan? Sai ki bar mutane da ƙishirwa."

Ranar biki filin makaranta ya cika maƙil. Rawuna shuɗɗa, tagiyoyin malfa, mata da lalle har gwiwar hannu, ana ta guɗa. Kaka da ta rantse ba za ta zo ba, sai ga ta a layin gaba da zanen saƙinta. Aka miƙo mini abin magana. Na yi tatsuniyata, mutane na dariya inda ya kamata. Da na iso bakin rijiya sai na tsaya. Na dubi Mushe Idi, na dubi Kaka. Na rufe ido na rera.

Ban kai baiti na uku ba na ji wata murya daga baya ta kama tare da ni. Na buɗe ido. Wata mata ce doguwa ta miƙe tsaye, uwar Aisa 'yar ajinmu, mutuniyar Bilma. Inda baitina huɗu suka ƙare ita ba ta tsaya ba, ta zarce da wasu da ban taɓa ji ba, wasu mata biyu na amsa mata da tafi. Fili ya rikice da guɗa. Mushe Idi da kansa ya karɓi abin maganar ya kai mata.

Ta ce yaren Barebari ne, ko da yake bakinmu ya tauna kalmomin. Waƙa ce da uwaye ke yi wa yara a can ƙasar dabino in ayarin gishiri ya yi jinkiri: yi shiru, raƙuma na bayan tudu, gobe za ka ga naka.

Kaka ba ta yi guɗa ba. Da aka tashi ta riƙe hannun matar gam, ta ce, "Baiwar Allah, zamna nan. Maimaita mini, sannu sannu." Suka zauna a gindin katanga har aka kwashe kujeru, tana tambayar kalma bayan kalma, tana share ido da bakin zane.

A lokacin abin da na ɗauka shi ne na yi nasara, kuma na yi mako ina taƙama. Sai da na girma, aure ya kai ni garin da ba na jin yarensu, na tsaya a layin famfo mata na magana ta saman kaina, sannan na gane. Kakar Kaka ba rashin son magana ke gare ta ba, mai amsa mata ne babu. Ina jin labarin kanta ta zuba a tatsuniya, ta miƙa wa jikarta, ko wata rana wani zai ji ya amsa. An amsa mata kuwa, bayan tsatso huɗu, a filin makaranta, ta bakin wata mata da ba ta taɓa sanin sunanta ba.