Wata Biyar a Kan Faifai Ɗaya

Shekara ashirin da shida ina yanka gilashi a asibitin idon nan, don haka na san Uwar Na'ura tun tana buga takardu a tafireta. Mu muka sa mata sunan. Ba ta yi makarantar kwamfuta ba. Da aka kawo na'urori kowa ya ja baya, ita kuwa ta jawo kujera.

Ita ta haɗa babbar kwamfutar da ke ɗakin bayan sito, mai riƙe da hoton idon duk wanda muka taɓa dubawa. Faifan ajiya biyu ta sa mata, ta umarci manhajar ta riƙa rubuta komai a kan duka biyun. In ɗaya ya mutu, ɗayan ya riƙe kafin a kawo sabo.

Bara sabon manaja ya ce shekarunta na ritaya sun cika. Aka ba ta agogon bango. Ba wanda ya tambayi inda kwamfutar ke kai kukanta in ta sami matsala, alhali wayar matar nan take aika wa.

Tana yi wa jikarta wanka saƙon ya shigo: faifai ɗaya ya mutu. Ta kira manaja, ya ce an gode. Bayan wata guda ta sake kira, ya ce ai komai na aiki. Ta rubuto takarda. Na ga takardar a teburinsa, da kofin shayi a kai.

Aka yi wata biyar a haka. Wata Litinin kwamfutar ta fara ƙara kamar ana tauna tsakuwa, fayil ya ƙi buɗewa, benci cike da mutane. Aka tura mota ta ɗauko Uwar Na'ura.

Manaja ya tare ta. "Mama, sannu da zuwa, dama muna..."

"Ban haife ka ba. Ina sabon faifan?"

Ya miƙa mata kwali. Don ya nuna himma, ya kai hannu cikin akwatin kwamfutar. "Ga mai ƙarar nan, in zare shi?"

Ta buge hannun, har masu jira suka ji.

"Mai ƙarar shi ne mai rai! Wata biyar yana ɗauke da ku shi kaɗai, yanzu za ka ƙarasa shi?"

Ta juyo gare ni. "Yaya, kawo gilashinka na ƙara girma." Ta karanto lambar mataccen daga allo, ni ina bin ta a jikin faifan harafi-harafi. Sau biyu ta sa muka yi. Ta cire shi daga lissafin manhajar, ta kashe kwamfutar, ta kwance shi, ta ɗaura sabon. Da ta kunna, ta yi masa tsarin ɗan'uwansa, ta ce su haɗu, tsohon ya kwafe wa sabon komai. Wata lamba ta fara hawa a allo.

"Duk wanda ya buɗe fayil kafin ta kai ɗari, ni da shi."

Ta ƙi ruwa, ta ƙi kujerar manaja. A tamanin da takwas lambar ta tsaya, tsohon faifan ya yi ta karkarwa. Da ƙyar ta lallaɓa shi ya tsallake wurin da ya lalace.

Da yamma lambar ta kai ɗari. Fayil ɗari da arba'in da uku ba su tsira ba. Ta buga sunayen a takarda. A ciki har da wata tsohuwa da ke zaune a benci tun safe, wadda likita ke jiran tsoffin hotunanta ya gane ko idon yana lalacewa.

"To, ai da sauƙi," in ji manaja. "Kaɗan ne."

Ta danƙa masa takardar a ƙirji.

"Ga ta can, mai sanda. Je ka gaya mata kaɗan ne."

Ya dube ni. Ni kuwa ina goge gilashina, ya yi ƙura sosai ranar. Ya fita zuwa benci, ya durƙusa a gaban tsohuwar. Ya daɗe a durƙushe.