Akushin Baffa

A unguwarmu magidanci ba ya cin tuwon dare a cikin gida. In an sallame magariba kowa zai fito da akushinsa ƙofar gidan Baffa, a shimfiɗa tabarma a jera su. A fara buɗe na babba a cinye, a jawo na mai bi masa, har a zo kan na ƙarami. Ciyayya ke nan. Ba wanda zai tambaye ka me ke cikin akushinka, amma dole ka zo da shi. Baƙo ne kaɗai ke zama hannu rabbana.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Shi ya riƙe ni bayan mahaifina ya rasu. Shi ya yi mini aure da kuɗin gyaɗarsa, ya yankar mini gefen gidansa na kafa nawa. Danga ce kawai tsakaninmu. In matarsa ta yi tari muna ji. A wurin ciyayya akushinsa ne na fari, nawa na ƙarshe.

Sai shekarun nan suka zo. Ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Shekarar da ta biyo baya gyaɗa ta kama ciwo, ganye ya ƙanƙance, in ka tona ba komai a ƙasa. Baffa kuwa gyaɗa ya fi ba wa ƙarfi, don ita ce kuɗi. Rumbunsa ya ƙare tun sanyi bai wuce ba. Ya sayar da awaki, ya sayar da babbar rigarsa ta salla. Kuɗin bai yi nisa ba. A lokacin sai ka je kasuwa da kuɗi a hannu ka dawo da abin da bai rufe gindin ƙwarya ba.

Ni abu biyu suka tsare ni. Jaki, da rogon da na dasa a wani kwari, wanda Baffa ya sha yi mini dariya a kansa wai abincin marasa gona. Ina saran itace in kai Tsanyawa ranar kasuwa, in dawo da ɗan abin da ya samu na dawa. A haɗa da garin rogo da dusa a tuƙa. Ba daɗi, amma yana riƙe ciki.

Akushin Baffa ya fara raguwa. Daga tuwo ya koma ganyen tafasa da ɗan gishiri. Daga nan sai ya daina fitowa da shi. In an yi magariba sai ya tsaya a masallaci yana nafila, raka'a bayan raka'a, har mu gama mu naɗe tabarma. Muna ci a ƙofar gidansa, shi yana can a tsaye. Kowa ya san dalili, ba wanda ya furta.

Wata safiya na ɗebi dawa a ƙwarya na same shi a zaure. Na durƙusa na ajiye. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni.

"Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba kowa, Baffa."

"To sadakar wa ka kawo mini?"

Ya nuna ƙwaryar.

"Ɗauke ka kai wa matarka. Ciki gare ta."

Na ɗauke. A gabansa ni yaro ne, ko da na yi gemu.

Mata ne suka samo dabara. Matata ta ce da ni za ta riƙa ƙara ruwan tuwo, in ta kwashe ta miƙa wa matar Baffa rabi ta kan danga, ta bayan rumbu inda ba a gani. Na ce ta yi. Matar Baffa ba ta sakaci. Kowace mace an san hannunta, don haka sai ta farfasa tuwon ta sake malmala shi da mararta, ƙanana yadda ta saba, ta kaɗa miyarta daban. Ta cire wa yara nasu, saura ta zuba a akushi. Ta ce wa Baffa kuɗin kaɗinta ne take auno gari da shi. Ko ya yarda, ko so ya yi ya yarda, ban sani ba.

Ya dawo kan tabarma. Na ga wuyansa ya ɗan ciko. Har ya koma tsokanar wanzamin unguwarmu, wanda taubashinsa ne, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Mu kuwa a gida mun rage ci. Ban ji nauyin haka ba.

Rannan matata, ciki ya tsufa ga yunwa, jiri ya ɗebe ta a bakin murhu. Kafin ta dawo hayyacinta tuwo ya kama. Ba wani garin da za a sake. Ta kwashe hakanan, ta miƙa ta danga yadda ta saba. Ba ta gaya mini ba. Ni ma da na ɗauki akushina a rufe yake da faifai.

Aka buɗe na Baffa. Ƙauri ya taso. Wanzami ya kai loma ɗaya ya yamutsa fuska.

"Kai tsoho, yau amaryar taka hira ta tsaya yi? Wannan ai gawayi ne aka yi wa miya."

Baffa ya ce, "Ci ka yi shiru, ɗan aska. Kai da naka ko kare ya shinshina sai ya nemi ruwa."

"To ai gara nawa, an san abinci ne. Wannan in na ci sai an yi mini ƙaho."

"Wa zai yi maka? Kai da ko kan jariri ka taɓa sai an nemo magani."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Lomar farko na gane tukunyar da ta fito. Akushina yana gefen ƙafata. Aka cinye na Baffa, aka jawo na gaba, aka jawo na gaba. Na yi tunanin in ture shi da ƙafa kamar kuskure. Amma a shekarar nan ba a zubar da tuwo, kuma mutanen da ke kan tabarmar wasu tun safe ba abin da suka sa a baki. Na yi tunanin in ce cikina na ciwo in tashi da shi. Ba a tashi da akushi a rufe.

Aka zo kaina. Na buɗe da hannuna.

Wanzami ya kai loma. Ya ce, "Ikon Allah, yau gidajen nan biyu wuta ɗaya suka..." Bai ƙarasa ba.

Ba wanda ya ɗaga kai. Baffa ya miƙa hannu ya gutsuri tuwona, ya sa a baki ba miya. Ya daɗe yana taunawa. Sannan ya wanke hannu, ya ce Allah ya yi albarka, ya shiga gida.

Mun kasa kunne ta danga. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Washegari matata ta tsaya a bayan rumbu da ƙwarya har tuwo ya huce, ba wanda ya zo karɓa.

Baffa bai koma ɓuya a masallaci ba. Kullum zai fito da akushinsa, ganye ne dafaffe, wani lokaci yaɗiya, wani lokaci abin da ban san sunansa ba. Ya buɗe, ya ci loma biyu daga nasa, ya wanke hannu ya ja baya. Na kowa ba ya taɓawa. Wanzami ya je har zaure ya ba shi haƙuri. Baffa ya ce, "Me ka yi? Tuwo ya ƙone, ka ce ya ƙone."

Yaransa uku ne a gida a lokacin. Da fari muna jin kukansu. Daga baya muka daina ji, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. In ƙaramar ta zagayo wurin matata sai a ɗura mata kunu a tsaye, a goge mata baki. Manyan an hana su shigowa.

Bazara ta yi, har an fara ganin hadari ta gabas. Wata rana bayan sallar asuba Baffa ya kira ni. Na same shi a ƙofar gida da gora da buzu da gatari.

Ya ce, "Zan leƙa Kurmi, can kudu."

Na ce, "Baffa, masu ci-rani dawowa suke yi yanzu."

"Na sani."

"Wa zai yi maka shuka?"

"Kai." Ya gyara igiyar gorar a kafaɗa. "In mutum ya yi tafiya, wa ke riƙe masa gida?"

"Ɗan'uwansa."

"Da abin magana a ciki?"

"Babu."

"To gida yana hannunka."

Na ce ya ɗauki jakin. Ya ce in ya ɗauka da me zan ciyar da su. Na ce ya jira. Na shiga na ƙulle garin rogo a tsumma na kawo masa. Guzuri ne, matafiyi ba ya mayar da guzuri. Ya karɓa. Ya ce, "Na gode." Tun da nake bai taɓa ce mini haka ba. Da ma bai faɗa ba.

Ya bi hanyar da ta ratsa gonaki. Ba ya sauri, don ba ƙarfin. Na tsaya har ya shige bayan kukoki.

Da yamma matata ta ɗauki ƙwaryar tuwo a ka, ta fita ta ƙofarmu ta shiga ta ƙofarsu, mutane suna zaune suna gani. Yaran suka ci. Ruwa ya sauka a shekarar, na shuka gonarsa kafin tawa. Duk ukun sun rayu.

Shekara da shekaru, duk wanda ya dawo daga ci-rani sai na je na tare shi. Wani ya ce ya ga mai kama da shi yana faskare a wata tasha. Wani ya ce a'a, wancan gajere ne. Matarsa ba ta yi takaba ba har ta rasu, don ba wanda ya zo ya ce ya mutu. Ba mu yi masa salla ba. Ba mu san inda za mu tsaya mu yi masa addu'a ba.

Yanzu rumbuna ba ya ƙarewa. 'Ya'yana suna aiko da kuɗi daga birni, har in rasa abin da zan saya. Ina godiya ga Allah, ba ƙarya nake ba. 'Ya'yan Baffa sun yi furfura, kowa da iyalinsa, su suke ce masa marigayi. Ni ban iya ba. In aka tambaye ni cewa nake ya yi tafiya. Ya bar mini gida a hannu, kuma bai zo ya karɓa ba.