Takobin Gurji

Shekaranjiya ina ɗiga wa keken ɗinkina mai, sai warinsa ya mayar da ni ɗakin kakana a unguwar Jarwal, a Makka. Da irin man nan yake goge takubbansa duk Juma'a. Tara su ya yi a hankali daga hannun alhazai, kuma ko a duhu ya shafa ƙota zai gaya maka wannan na Yaman ne, wancan na Sudan. Ni kuwa da shegen tambaya, ba na barinsa ya huta.

Guda ɗaya ne ba mai taɓa shi sai Kaka. Miƙaƙƙe ne, kubensa da ɗaurin tagulla da azurfa, ƙotarsa ta ɗan karkace. Na mahaifinsa ne, wanda ya taho da shi a ƙafa ta Chadi da Sudan. Kaka a Makka aka haife shi, bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, wannan ƙarfen shi ne ƙasarsa. Kullum cewa yake ƙirar maƙeranmu ce.

Wata shekara da aikin Hajji, zafi kamar bakin murhu, wani dattijo daga duwatsun Kafkas ya sauka a gidanmu. Bayan dawowarsu daga Muzdalifa ya shigo gaida Kaka, idonsa ya faɗa kan takobin. Ya nemi izini da gurgun Larabcinsa, ya zare shi, ya juya, ya bi ɗaurin kuben da yatsa. Sai ya ce, "Gurji!"

Tirƙashi! Ka san a wurinmu gurji ɗan itacen nan ne mai kama da kokwamba. Kakata tana bayan labule ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Malam, ka ji, wai na yankan gurji ne."

Kaka ya miƙe, ya fizge takobin ubansa. Sai da babana ya shiga tsakani aka gane cewa Gurji sunan mutane ne, mutanen ƙasar Jojiya. Baƙon ya ce maƙwabtansu ne, akwai wasu a can ƙuryar duwatsu ana ce musu Kebsur, su ke karkata ƙota haka, su ke wannan ɗauri. Ya nuna wasu ƙananan alamu a jikin azurfar da mu duk muka ɗauka ado ne kawai.

Wallahi na so a tsaya a zancen kokwamba. Fushin ya fi sauƙi a kan abin da na gani a fuskar Kaka, tausayinsa ya kama ni har na kasa tambayar komai. Ya daɗe yana kallon takobin a cinyarsa. Can ya ce da takobin, "Ashe kai ma baƙo ne. Ka zo ba ka koma ba."

Bai daina goge shi ba, sai dai ya daina cewa na maƙeranmu ne. Yadda ya bar duwatsu ya shiga hannun Bahaushe kuwa, har yau ina bincike, babu wanda ya sani.

Yanzu otal ne a inda gidanmu yake, takobin yana wurina a unguwar Utaibiyya. Na ba 'ya'yana labarin nan, ba wanda ya yi dariya. Autata ta dube ni ta tambaya da Larabci, mene ne gurji.