Labulen da Teloli Suka Ɗinka wa Baba

Ƙarar kekunan ɗinki uku a tsakar gidanmu ita ce ta tashe ni ranar da Baba zai dawo daga Indiya. Abokan sana'arsa ne suka rufe shagunansu na Tina Junction, suka turo kekunan a baro, suka zo ɗinka mana labule.

Baba tela ne, gwanin aikin wuyan riga. A shekarar da na shiga jami'a ya fara cewa layi yana lanƙwashewa a idonsa na dama. Sai ya ja alli a kan shadda, layin ya miƙe sambal, shi kuwa ya goge ya sake. Likita ya ce ƙari ne na jijiyoyin jini a can bayan idon. Ba mugu ba ne, ba ya yaɗuwa, amma yana tsattsafo da ruwa, ruwan ne ke murɗe masa gani. In aka bar shi, idon zai dushe, allura ta gagare shi. Aikin kuwa ba a yin sa a nan, shi ya sa Kawu, ƙanen Umma, ya raka shi.

Da Kawu ya bugo waya ni aka miƙa wa, wai ni ce 'yar boko. Ya ce an yi wa Baba allura a hannu, maganin ya zaga jini, sannan aka haska wani jan haske marar zafi a cikin idon. Hasken ne ya tashi maganin, maganin ya toshe jijiyoyin.

"Amma fa yana cikin jikinsa duka. Kada rana ta taɓa shi, ƙona shi za ta yi."

Bai ce har yaushe ba, ni ma ban tambaya ba. Hankalina ya tafi ga maganin da ke barci a cikin jini yana jiran haske. Kwana na yi ina juya maganar kamar alewa a baki.

Ranar dawowar, baƙin yadin da za a toshe tagogi da shi bai isa ba, sai kowa ya kawo ragowar abin da yake da shi: atamfa, shadda, yadin 'yan makaranta. Wata ƙawar Umma daga Anguwan Rukuba, mai sayar da tumatir, ta kawo zanen zumuntar matan cocinsu.

"A ninka shi biyu," in ji ta. "Rana bai isa ya ga Oga ba!"

"Madam, wannan zanen ai shi kansa rana ne," in ji babban telan.

"Kai dai yi ɗinki, Malam. Naka mai kalar kunun kanwa wa ya zage shi?"

Ina ta tsalle tsakanin tagogi da ƙusa a baki. Kafin azahar ɗakin Baba ya koma kamar cikin kwalba mai launi, ja nan, shuɗi can.

Da mota ta tsaya, telolin suka ruga da bargo, suka ɗaga shi sama kamar rumfa. Umma ta yafa masa mayafinta har ka. Kawu ya buɗe baki zai yi magana, sai na ga Baba ya damƙe masa hannu. Ya dubi labulen ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Allah ya saka da alheri," ya shige.

Makonni ya yi a ciki. Ina kai masa shayi, ina karanta masa waƙoƙin da nake rubutawa a ɓoye, yana gyaɗa kai ido a rufe. Ko sau ɗaya bai nemi allura ba, mu ma ba wanda ya ambace ta.

Wata safiya aka yi ruwa da ƙanƙara, irin wanda ke dukan kwano har ba ka jin na kusa da kai. Iska ta fizge zanen zumuntar daga taga. Ruwan na ɗaukewa rana ta faɗo ɗakin, wankakkiya, daidai kan fuskar Baba. Umma ta yi salati, na yi kansa da bargo.

"Dakata, uwata," in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Ya rufe idon hagu da tafin hannu, yana kallon ƙarfen taga.

"Ya miƙe. Wallahi ya miƙe! Kawo min allura da zare."

Zaren ya kauce, ya lashe shi, ya sake gwadawa. Zaren ya shiga. Umma ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na fita ba takalmi, ina taka ƙanƙara, ban tsaya ba sai Tina Junction. Kafin in gama faɗa kekuna sun yi shiru, babban telan ya jefa hularsa sama.

Sai bayan shekaru, ina goyon 'yata ta fari, Kawu ya gaya mini sauran bayanin likitan. Hanin shiga rana na 'yan kwanaki ne kawai, ya ƙare tun kafin su hau jirgi. Ruwan idon ne ke ɗaukar makonni kafin ya bushe, Baba kuwa yana tsoron kallon miƙaƙƙen layi kafin lokacin.