Inna Ma'u Mai Ƙararrawa

Ga ta nan, ga ta nanku. Na ji kun ce ta zo ku ji ta, to ku gyara zama. Sai dai mai wannan labarin tana nan da ranta a Ƙofar Marusa, kuma in ta ji an sa sunanta a takarda faɗa za ta yi.

Asma'u aka raɗa mata, amma a makarantar koyon aikin jinya da ta yi wa aiki, daga shugaba har mai gadi Inna Ma'u suke ce mata. Shekara talatin da biyar ƙarfe bakwai na safe bai taɓa yi mata a gida ba. Tana idar da lazimi ta kurɓi koko, ta ƙulle makullai a bakin zane, ta fito titi ta tari keke. Ita ke buɗe ɗakin gwaji, wato ɗakin da ɗalibai ke koyon aiki da hannu kafin a bar su su taɓa majinyaci na gaske. Gadaje huɗu ne a ciki, da kabad-kabad na kayan aiki, da mutum-mutumin roba guda biyu. Namijin ta sa masa Malam Haliru, macen mai ciki kuwa Hindu. Kullum sai ta gaishe su.

"Malam Haliru, an tashi lahiya? Jiya yaran nan sun huda ka ya fi sau arba'in. Haƙuri za ka yi, ba su da wani sai kai."

Ta goge su, ta canza zanen gado, ta tafasa almakasai da 'yan kwanoni, ta jera tire-tire: na wanke ciwo, na allura, na awon jini. Ita ba nas ba ce. Firamare ta gama, kuma a takardar ɗaukar aiki mai kula da ɗaki aka rubuta mata. Amma malamai sun shaida cewa in ɗaliba ta ɗauki auduga da hannun da bai kamata ba, kafin malami ya ɗago kai an ji Inna ta yi gyaran murya daga bayan ɗaki.

Ga wanda bai sani ba, gama makaranta ba shi ke mai da mutum nas ba. Sai ya ci jarrabawar hukumar ma'aikatan jinya ta ƙasa sannan a ba shi lasisin aiki. Akwai ta rubutu, akwai ta aiki. A ta aikin, tasha-tasha ake jerawa, kowace tasha da aikin da za a yi a cikinta, kowace kuma minti biyar. Mai sa maki yana zaune gefe da takardarsa, ba ya magana, ba ya taimako. Abin da ya gani da abin da ya ji shi yake sa wa alama. Minti biyar na cika a kaɗa ƙararrawa, kowa ya saki abin da ke hannunsa ya matsa gaba. Tun da aka fara irin wannan jarrabawa a makarantar, ƙararrawar a hannun Inna Ma'u take, da agogo a gabanta, a kan wani ɗan tebur da ke kallon ƙofofin tashoshin.

Daga wannan teburin ta ga abin da ya kayar da Ramla.

Ramla 'yar Ƙofar 'Yandaka ce, yarinya mai ƙoƙari, wadda 'yan ajinsu ke aron littafinta su kwafa. Ta rubutu ba ta taɓa ba ta wahala ba. Ta aikin ce ta kayar da ita, ta sake zama ta sake faɗuwa. A lokacin kuwa ƙa'idar sau uku ce. In ta uku ta kuɓuce, shekara ukun da ta yi a makaranta sun tafi ke nan, ba lasisi, ba fararen kaya. Malamai suka ce tsoro ne. A gida aka ce baki ne, aka shiga rubutun sha. Ita kanta Ramla ta koma ta sake haddace littafin da ta riga ta haddace.

Wata Laraba Inna ta same ta zaune a bakin ɗakin gwaji, littafi buɗe a cinya, idonta ba a kansa ba.

"Ke ɗiyar nan, rufe littafin nan. Ba shi ya kada ki ba."

"To mi ya kada ni, Inna?"

"Gaisuwa."

Ramla ta ɗago ta dube ta.

"Ina kallon ki duka biyun. Kin shiga, kin durƙusa wa mai sa maki, ina kwana, ina gajiya, an zo lahiya, ya hanya. Kin juya wurin wanda aka kwantar a gado, shi ma kin bi shi da ya jiki, ya gida, ya iyali. Ina duba agogo, minti ɗaya da rabi ya tahi ba ki ko wanke hannu ba. Sannan kin yi aikinki tsaf, ni shaida ce, amma bakinki rufe, kanki ƙasa, kin ba mai sa makin baya. Shi kuma abin da ya gani ya ji shi yake rubutawa. Da kin gama awo, lambar da kika samu a cikin hijabi kika faɗe ta. Wa ya ji?"

"Inna, babba ne hwa. Sa'an Babanmu ne. Ya za a yi in tsaya kansa ina ɗaga murya?"

"Tarbiyyarki ba ta da laifi. Amma ɗakin can minti biyar gare shi. Ki zo gidana ranar Asabar da hantsi."

Ba Malam Haliru na roba Inna ta tanadar mata ba, don shi ba ya amsa gaisuwa. Yayan mijinta ta ɗauko, Alhaji Babaji, tsohon maɗinkin hula mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda duk unguwa ta san in ya tare ka da gaisuwa sai ka nemi wurin zama. Ga shi da hawan jini, ga shi da son a auna shi. Ta shimfiɗa masa katifa a rumfar tsakar gida. Ita kuma ta zauna kan kujera 'yar tsugunne, waya a cinya tana duba lokaci, murfin tukunya da cokali a hannu.

Ta buga murfin. Ramla ta yi sallama ta shigo, tana ganin farin gemu gwiwoyinta suka kai ƙasa.

"A'a, likita ce da kanta! Lale, lale. An zo lahiya? Ya mutan 'Yandaka? Ɗiyar wa ce ke? Kai, Malam Sagir mai gyaran rediyo? Ai tare muka yi makarantar allo da wansa. Yana nan dai? Ya ƙafar tasa?"

Duk ta amsa, ɗaya bayan ɗaya. Tana ɗaura masa abin awo a dantse Inna ta buga murfi.

"Kin faɗi. Fita ki sake shigowa."

"Haba Ma'u," in ji Alhaji, "yarinya na gaishe ni kina buga mana tukunya kamar masu tashe?"

"Yaya, aikin da na kira ka ke nan. Ka ja ta da magana iyakar iyawarka."

"In dai wannan ne, kin samu ma'aikaci."

Ranar sau tara tana shiga, sau tara murfi na kama ta. A na ƙarshe ta zauna bakin rijiya ta yi kukanta. Inna ba ta rarrashe ta ba. Ta bari ta gama, ta miƙa mata ruwa, sannan ta koya mata abin da za ta ce, a tsaye, ido cikin ido: sallama, ina kwana Baba, sunana Ramla, ni ce zan auna jininka, ka amince? Shi ke nan. Duk abin da ya ƙara tambaya ta amsa da murmushi hannunta na aiki. Kuma duk abin da hannu ya yi, baki ya faɗe shi da ƙarfi: na wanke hannu, na duba abin awo, na samu kaza bisa kaza.

"Wanda ke kwance ba gaisuwarki ta kawo shi asibiti ba," in ji Inna. "Girmama shi shi ne ki yi mashi abin da ya zo nema kan lokaci."

Asabar bakwai suka yi haka. Wani lokacin awon jini, wani lokacin wanke ciwon da Inna ta zana wa Alhaji a ƙauri da jan biro. Maƙwabta suka saba da jin muryar yarinya ta kan katanga tana shelar ta wanke hannu. A Asabar ta biyar Alhaji ya jawo labarin Hajjinsa na jirgin ruwa, wanda bai taɓa yi ba, Ramla ta ce, "Allah sarki Baba, miƙo hannun," ta gama aikinta da saura daƙiƙa ashirin. Tsohon ya dubi Inna ya ce, "Kin ɓata yarinyar mutane. Da ta fi ladabi."

Saura kwana biyu jarrabawa, mahaifiyar Ramla, Hajiya Laraba, ta zo gidan da la'asar. Bayan doguwar gaisuwa ta matso kusa ta rage murya.

"Inna, an ce ke ke jera kayan tun ana gobe. Ba cewa na yi ki yi wani abu ba. Ko da ido ne ki nuna mata inda za ta fi maida hankali. Wannan ce ta ƙarshe."

"Na sani, Hajiya."

"Ko ƙararrawar ce, in kin ga ta kusa gamawa, ki ɗan..."

"Hajiya, wata rana ni ko ke za a kwantar a gaban yaran nan. In na ƙara wa taki, ban san wadda zan ƙara wa gobe ba. Ki yi mata addu'a, ki tabbata ta karya kumallo kafin ta fito."

Hajiya Laraba ta tashi ba ta ji daɗi ba, ko rakiya ba ta tsaya an yi mata ba. Washegari Inna ta jera tire-tirenta, ta kulle ɗaki, ta kashe waya.

Wannan ce jarrabawar ƙarshe da za ta riƙe wa ƙararrawa, don takardar ritayarta ta riga ta fito. Tashoshin farko Ramla ta wuce su, Inna na jiyo muryarta jefi-jefi. Tasha ta huɗu awon jini ce. Mai sa makin dattijo ne da aka turo daga wata jiha, gemunsa fari fat, wanda aka kwantar a gadon kuma tsohon masinjan makaranta ne. Daga teburinta Inna ta ga Ramla ta tsaya a bakin ƙofa, gwiwarta ta fara lanƙwasa. Sai ta miƙe. Sai ga murya har baranda: "Ina kwana Baba, sunana Ramla."

Abin awon ya ba ta matsala. Iska na zurarewa, sai da ta kwance ta sake ɗaurawa, ta kuma faɗa da baki cewa ta kwance ta sake. Inna ta dubi agogo, saura daƙiƙa talatin. Ta ɗora hannu kan ƙararrawa. Babu mai kallon agogon nan sai ita, kuma da ta ƙara daƙiƙa goma ba wanda zai taɓa sani. Saura goma sha biyar. Saura takwas. Sai ta ji, "Na samu ɗari da talatin bisa tamanin. Na gode Baba." Tsinken agogo ya hau kan sha biyu, ta kaɗa.

Inna ta ajiye ƙararrawar, ta mai da ido kan agogo don tasha ta gaba.

Inna Ma'u, ke ce wadda ba a taɓa kiran sunanki ranar yaye ɗalibai ba, alhali babu wadda ta sa farar riga a makarantar nan ba ta bi ta hannunki ba. Ke kika zauna inda aka ajiye ki, kika kalli abin da ke gabanki har kika gane abin da masu digiri ba su gane ba. Ke kika ba yarinya Asabar bakwai daga cikin hutunki, kika hana ta daƙiƙa goma. Uwar tire, mai ƙararrawa, mun gode. Allah ya saka maki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku kuma da ke riƙe da makullai da tsintsiya da agogo a ma'aikatun garin nan, ku duba ku gani, akwai abin da ake hangowa daga kujerarku wanda ba a hangowa daga ofis. In kun gani ku faɗa wa mai shi, kamar yadda ta yi. Sabbin masu shirin jarrabawa kuma, bayan littafi ku nemi dattijo mai surutu a unguwarku, ku nemi murfin tukunya.

Sakamako ya fito bayan 'yan makonni, Ramla ta ci. Yanzu tana aiki a ɗakin maza na wani asibiti a cikin gari, an ce tsofaffi na ƙorafin ba ta tsayawa hira. Hajiya Laraba ta kai wa Inna turmin atamfa, ba wadda ta tayar da zancen ranar nan. Alhaji Babaji na nan, jininsa ya ɗan sauka, kuma duk Asabar da hantsi yana kan katifa a rumfa, don ɗalibai huɗu ke zuwa yanzu. Malam Haliru da Hindu suna hannun wata sabuwar ma'aikaciya, Safiya, wadda ba ta gaishe su. Ƙararrawa ta zauna a makaranta. Inna Ma'u tana gida a Ƙofar Marusa, da murfin tukunyarta.