Fitilar da ta mutu a kwarin Tarka

Ana idar da sallar asuba muka bar Tanut, ni da ɗana wanda ya gaji sana'ata ta haƙa rijiyoyi. An kira 'yan kwangila taro a Belbeji.

Kwalta ta kai mu Sabon Kafi, daga nan sai rairayi. Sau biyu mota ta kafe muka tura, amma direba bai rage ko dala a cikin jika ukunsa ba. A wata ruga aka dama mana fura, nonon ya fi geron yawa.

A zauren meri, wato ofishin magajin gari, wani jami'in ƙwadago ya ce ƙasashen duniya sun shimfiɗa ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam a wurin sana'a, ana so su yi aiki a nan gida: mai ɗaukar ma'aikata ya kare lafiyarsu, in ya cuce su ya gyara. Rabin jawabin da Faransanci ne, amma na gane nawa rabon.

A sana'armu, kafin a shiga rijiya mai zurfi ana zura fitila da igiya. In ta mutu, iskar ba ta da kyau, ba mai sauka. Shekarun baya, a kwarin Tarka, ta mutu sau biyu. Ina sauri, na ce kananzir ne ya ƙare, na sa wani mahaƙina, Ilu, ya sauka. A some muka jawo shi. Ya rayu, amma hannunsa na dama bai sake riƙe diga ba. Fitilar kuwa cike take.

Na miƙe na faɗi wannan a gaban taro. Da la'asar na je ƙauyen su Ilu, na iske shi yana shayar da awaki, na faɗa masa, na nemi gafararsa. Sai ya ce:

"Maigida, ai na sani. Ni na zuba mata kananzir da safen nan."

Na tambaye shi don me ya sauka. Ya ce wanda ya ƙi, gobe ba shi da aiki. Batun gafara kuwa, in bar shi ya yi tunani. Ya yi gaskiya.

Washegari muka iso Tanut da azahar. Tafiyar ta koya mini cewa zura fitila banza ne in mahaƙi ba shi da ikon cewa a'a. Ɗana ya tara mutanensa ya sanar da su: wanda ya ƙi sauka, aikinsa na nan. Ni kuma ranar Asabar zan kai Ilu Damagaram a duba hannun, ya yafe ko bai yafe ba.